Raunin da Ba Ya Jini: Waiwaye Daga Yola

A watan Agustan 1914 ne wata rundunar Ingila, mafi yawanta 'yan ƙasa, ta tashi daga Yola domin ƙwace Garwa daga hannun Jamusawa. Aka fatattake ta, Garwa kuwa ba ta faɗi ba sai a Yunin 1915. Littattafan tarihi sun adana ranakun, sun ƙidaya gawarwaki. Amma wanda ya komo gida da ƙafafunsa, yana zabura cikin barci, ba a ba shi ko layi guda ba.

Haka aka yi wa 'yan Boma bayan 1945, haka kuma waɗanda suka dawo daga yaƙin basasa a Janairun 1970. A gida akan ce iska ce ta taɓa mutum, a nemi rubutu da turare. Kada mai karatu ya yi saurin zargin iyayenmu, domin su kansu likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sai a 1980 suka shigar da ciwon cikin kundinsu da sunan da aka san shi yau.

To, yaushe ake warkewa? Wasu cikin watanni, musamman in an sami magani da dangi masu haƙuri. Wasu kuwa har furfura. Wani bincike da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa tsofaffin sojojin Amurka kimanin 271,000 na fama da shi shekara 40 bayan yaƙin Biyetnam.

A bisa wannan ma'auni, sojan da ya shiga ƙwato Mubi daga Boko Haram a Nuwamban 2014, ya dawo yana zaune a Ajiya cikin Jimeta, mai yiwuwa ko rabin tafiyarsa bai yi ba.