Theremin da Obo: Yadda Sautin Lantarki Ya Haɗu da na Numfashi

Theremin kayan kiɗa ne na lantarki da ake sarrafawa ba tare da an taɓa shi ba, kuma masanin kimiyya ɗan ƙasar Rasha, Lev Termen, shi ne ya ƙirƙiro shi a birnin Petrograd a 1920. Eriya biyu gare shi: wata miƙaƙƙiyar sanda wadda sauti ke ƙara tsini idan hannun dama ya kusance ta, da wani lanƙwasasshen ƙarfe wanda hannun hagu ke rage ƙarar sautin ko ya ƙara ta da shi. Da yake ba shi da huda ko tsirkiya, muryarsa zamewa take yi daga wani mataki zuwa wani ba tare da yankewa ba, abin da ya sa iya shi ke da wuya matuƙa.

Termen ya nuna wa Lenin na'urar a 1922, sannan ya tafi Amurka, inda kamfanin RCA ya fara ƙera ta don sayarwa a 1929. Sai dai bayan fim ɗin Spellbound na 1945, masu shirya finafinai sun kusa mayar da ita abin kiɗan tsoro kawai, wanda hakan tauye mata haƙƙi ne.

Obo kuwa abin busa ne mai beli biyu, ɗan'uwan algaita a asali, wanda aka gyara ƙirarsa a Faransa a ƙarni na 17. Wata fitacciyar haɗuwar theremin da obo ta zo a 1944, lokacin da Bohuslav Martinů, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Cek, ya rubuta Fantasia domin theremin da obo da fiyano da kayan goge huɗu, bisa buƙatar wata mai suna Lucie Bigelow Rosen. Hikimar haɗin ita ce muryoyin biyu suna kama da juna, amma mai busa dole ya tsaya ya ja numfashi, alhali theremin ba ya gajiya.

Salon ambiyent, wato kiɗa mai tafiya a hankali da ake nufin ya cika wuri ba tare da tilasta wa kowa saurare ba, ya samu sunansa ne daga faifan Brian Eno na 1978, Music for Airports. Masu gwaji a wannan salo za su iya naɗar sautin obo, su jinkirta shi, su maimaita shi da na'ura har gurbin numfashin ya cike, sannan theremin ya ratsa ta tsakaninsa.