Zagayen Tafkin Volta a kan babur daga Wagadugu: hanya, jiragen fito da takardu

Mazaunin unguwar Zongo a Wagadugu da ke son ya zagaye babban tafki a kan babur yana da zaɓi ɗaya na gaske, shi ne Tafkin Volta da ke ƙasar Gana. Tafkin Chadi ya yi nisa, kuma rikicin Boko Haram ya rufe yawancin gaɓarsa. Tafkunan cikin Burkina Faso, irin su Bam da madatsar Bagré, ƙanana ne idan an gwada su da Volta, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,500, yana cikin mafiya girman tafkunan da ɗan Adam ya samar a duniya. Ruwan ma ba baƙo ba ne ga mutumin Burkina: kogunan Mouhoun da Nakambé da Nazinon, waɗanda suka sa ake kiran ƙasar Haute-Volta har zuwa 1984, a cikinsa suke ƙarewa.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne babu wata hanya guda da ta kewaye tafkin. Volta ba shi da siffar kwano. Ya fi kama da tafin hannu mai dogayen yatsu, kowane yatsa kwarin wani kogi ne da ruwa ya cika bayan an kammala madatsar Akosombo a 1965. Titi yakan matso gaɓa a wasu garuruwa, sannan ya yi nisa da ita na tsawon yini guda. A wurare da dama kwalta tana ƙarewa ne a bakin ruwa, sai a jira jirgin fito. Saboda haka ba yawan kilomita ke tsara wannan tafiya ba. Lokacin tashin jiragen ne ke tsara ta, sai yanayin shekara, sai takardu.

Hanyar da tsawonta

Daga Wagadugu ana bin hanyar ƙasa mai lamba 5 zuwa Pô, kimanin kilomita 145, a wuce Dakola a shiga Gana ta Paga. Daga nan sai Navrongo, Bolgatanga, Walewale, Tamale. Jimillar wannan zango ta haura kilomita 350, kuma shi ne mafi sauƙi domin duk kwalta ce. Ƙaramin babur yana iya cinye shi a yini guda idan ba a ɓata lokaci a kan iyaka ba, amma masu hankali sukan kwana a Bolgatanga.

A Tamale hanya ta rabu biyu. Mai son ya kewaye tafkin kaf ba tare da ya yanke ko kusurwa ɗaya ba zai bi babban titin Kumasi, ya haye gadar Yapei a kan Farin Volta da gadar Buipe a kan Baƙin Volta, ya bi ta Kintampo da Techiman. Titin yana da kyau, sai dai manyan motocin da ke jigila tsakanin tashar ruwan Tema da ƙasashen Sahel sun cika shi, kuma tafkin ba ya ganuwa sai a kan gadojin. Ɗaya hanyar ita ce ta Salaga zuwa Makango, inda ake shiga jirgi a haye zuwa Yeji. Ta fi jinkiri, ta fi ƙura, amma ita ce ta fi cancanta, domin ita ce tsohuwar hanyar fatake.

Daga Yeji ana gangarawa ta Atebubu, Ejura da Mampong zuwa Kumasi. Babu titin da ya bi gaɓar yamma, domin gandun dajin Digya ya mamaye wani babban yanki nata. Daga Kumasi sai a juya gabas ta Nkawkaw da Koforidua, a sauka Atimpoku inda gadar Adomi take, wadda aka buɗe a 1957, kusa da Akosombo. Wannan ne ƙarshen kudu. Komowa arewa ta gefen gabas ne: Kpando, Hohoe, Jasikan, Dambai, a haye kogin Oti da jirgi, a isa Kete Krachi, sannan Kpandai, daga nan ko a koma Salaga ko a bi ta Bimbilla da Yendi zuwa Tamale.

Akwai yanke ga wanda kwanakinsa suka gaza. Daga Nkawkaw ana hawa tudun Kwahu zuwa Adawso, a haye zuwa Ekye Amanfrom, a ratsa filayen Afram ta Donkorkrom, a sake shiga jirgi a Agordeke zuwa Kpando Torkor. Yana rage kilomita, amma yana ƙara fito biyu, kuma wanda ya bi shi ba zai ga madatsar ba.

Zuwa da komowa daga Wagadugu ya kusa kilomita 2,000. Kwana 8 shi ne mafi ƙaranci ga babur mai ƙarfin 110 zuwa 125, kwana 10 ya fi dacewa, kuma a cikinsu a bar biyu babu wani shiri a kansu.

Jiragen fito

Waɗannan kwana biyun na jirage ne. Kamfanin Volta Lake Transport Company, reshen hukumar Volta River Authority, shi ke gudanar da manyan jiragen da ke ɗaukar motoci da babura. Fiton Dambai gajere ne, jirgin yana kai da komo sau da yawa a yini. Na Makango zuwa Yeji ya fi faɗi, zirga-zirgarsa kaɗan ce, wanda ya makara da rabin sa'a yana iya kwana a bakin ruwa. Jiragen tsofaffi ne, injinsu yakan lalace su tsaya kwanaki. Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce a kwana a garin da ke kusa da mafita, a tambayi lokacin tashi tun da yamma daga bakin masu aikin wurin, a isa da sassafe.

Idan babban jirgi ya tsaya, masu kwale-kwalen katako mai inji za su zo da tayin ɗaukar mutum da babur ɗinsa, kuma a nan haɗarin tafiyar gaba ɗaya yake. Lokacin da ruwa ya cika kwarin ba a sare dazuzzukan da ke ciki ba. Har yau kututtukan itatuwa suna tsaye a ƙarƙashin ruwa, wasu kansu a waje, wasu a ɓoye, kuma su ne sanadin yawancin kifewar kwale-kwale a tafkin, tare da lodin da ya wuce kima da guguwar da ke tasowa farat ɗaya. Babur a cikin kwale-kwale nauyi ne mai tsayi, ga mai a tankinsa. Wanda ya ga dole sai ya shiga, ya shiga da safe kafin iska ta tashi, ya tabbatar an kwantar da babur an ɗaure shi, ya sa rigar ceto, ya cire manyan takalma da jakar baya. Idan babu rigar ceto, ko ya ga bakin jirgin ya kusa shafar ruwa, kwana guda na jira ya fi arha.

Wanka a tafkin ma abin gudu ne. Bayan gina madatsar, cutar tsargiya ta yaɗu ƙwarai a ƙauyukan gaɓa, domin dodon koɗin da ke ɗauke da ita yana son ruwan da ba ya gudu.

Lokacin tafiya

Disamba da Janairu sun fi kowane lokaci. Hanyoyin ƙasa na tsakanin Kete Krachi, Kpandai da Salaga sun bushe, tafkin bai ja baya sosai ba, zafi kuma da sauƙi. Illarsu hazon hunturu ne, wanda ke rage gani da safe, da sanyin asuba da ke shiga ƙashi a kan babur. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne da guguwar farkon damina. Agusta zuwa Oktoba kuwa ruwa ne ke mulki: a wannan lokaci ake yawan buɗe madatsar Bagré, ruwan ya malale gonaki da hanyoyi a arewacin Gana. A Satumba da Oktoba na 2023 tafkin ya cika har aka saki ruwa daga Akosombo, ya mamaye Mepe da wasu garuruwan da ke ƙasa da madatsar, dubban mutane suka rasa muhalli.

Takardu da tsaro

Burkina Faso ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Nijar. Ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta, kuma 'yan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga ba biza har zuwa wata sanarwa. Tunda al'amarin a hannun 'yan siyasa yake, ya kamata a tabbatar da halin da ake ciki a ofishin jakadancin Gana da ke Wagadugu kafin a tashi. Bayan shaidar mutum, ana buƙatar lasisin tuƙi, takardar mallakar babur wato carte grise da sunan mai shi, inshorar da ta ambaci Gana a rubuce, da katin rigakafin cutar shawara. A Paga jami'an kwastan suna ba da takardar shigar da abin hawa na ɗan lokaci, wadda za a mayar musu a ranar fita. Babur ɗin aro yana buƙatar takardar izini daga mai shi, da hatimin hukuma.

Bahaushe yakan ɗauka harshe ya ishe shi a Gana, tunda kusan kowane gari yana da zango. Harshe yana buɗe ƙofar gida, amma ba ya wuce shingen jami'an shige da fice, kuma shingayen suna da yawa a arewa. Dattawan zango ba su manta da dokar gwamnatin Busia ta Nuwamban 1969 ba, wadda ta kori baƙi marasa takardu cikin mako biyu, har da mutanen da aka haifa a can.

Irin babur ɗin ma yana da muhimmanci. A 2022 gwamnatin Burkina ta dakatar da shigo da babura samfurin Aloba, Sanili da Fortune da sayar da su, saboda 'yan bindiga na amfani da su, kuma an hana hawansu a wasu yankuna. Mai irin wannan babur, ko mai ɗauke da jarkokin mai, zai sha tambayoyi a ɓangarorin iyaka biyu. A cikin Gana a kauce wa Bawku, inda rikicin sarauta ya jawo dokar hana fita da taƙaita hawan babur. Nkwanta ma ta fuskanci rikici da dokar hana fita tun ƙarshen 2023, shi ya sa hanyar Dambai ta fi. Tafiyar dare kuwa a bar ta gaba ɗaya, musamman tsakanin Buipe da Kintampo da kuma kewayen Yeji, inda 'yan fashi ke tare hanya.

Babur da guzuri

Tankin ƙananan babura irin Yamaha Sirius, da suka cika titunan Wagadugu, bai wuce lita 4 da ɗan kai ba, don haka a cika shi a duk babban gari ko da bai yi rabi ba. A tashi da sababbin tayoyi da sabon baƙin mai, a sake canza man a Kumasi ko Hohoe. A ɗauki tub na gaba da na baya, kayan faci, famfo, fulogi, wayar burki da ta kuloci, da igiya mai ƙarfi ta ɗaure babur a jirgi. Hular kwano dole ce, 'yan sandan Gana suna kamu a kanta. Sefa ba ta aiki a ƙauyuka, sai a canza zuwa sidi a Paga ko Tamale, a riƙe ƙananan takardun kuɗi domin fito da abinci. Ana tuƙi a dama a ƙasashen biyu, agogonsu kuma ɗaya ne.

Zangon fatake

Abin da ya bambanta wannan zagaye da yawon buɗe ido shi ne garuruwan da ke kan hanyar. Salaga ita ce babbar kasuwar ƙasar Gwanja, inda ayarin Hausawa daga Kano da Katsina da Sakkwato ke kawo tufafi da kanwa da fatu su koma da goron Asante. Ta kuma kasance babbar kasuwar bayi, kuma rijiyoyin wancan zamani suna nan ana nuna wa baƙi. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 cinikin goro ya fara kauce mata, yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Yeji, Kintampo, Atebubu da Kete Krachi. Wato zangunan da mai babur zai kwana a cikinsu yau, da yawansu daga wannan watsewa suka bunƙasa.

A Kete Krachi ne Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna ya yi limanci da koyarwa har rasuwarsa a 1934. Ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami, ciki har da bayanan tarihin ƙasar Hausa da ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich a lokacin da garin ke ƙarƙashin Togon Jamus. Garin da ya sani yana ƙarƙashin ruwa. Kete Krachi ta yanzu sabuwa ce, an gina ta a kan tudu lokacin da tafkin ya tashi mutum kusan 80,000 daga ƙauyuka sama da 700, aka zuba su a sababbin matsugunai 52. Mutanen Wagadugu sun san irin wannan tashi, domin a 2003 aka rushe Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa ta tsakiyar birnin, saboda shirin ZACA.

Al'adar sauka har yanzu tana aiki. Baƙon da ya isa gari kafin magariba yakan nufi masallacin zango, ya gaida liman ko sarkin zango, ya faɗi inda ya fito da inda za shi. Ko da a gidan baƙi zai kwana, a nan zai samu wurin ajiye babur, da sunan bakanike mai amana, da labarin ko jirgin gobe yana aiki. Ƙullin goro shi ne gaisuwar da ta dace. Hausar da zai ji ta sha bamban da ta Sakkwato ko Maraɗi, ta ɗauki kalmomin Twi da na Ingilishi, ba ta cika bambanta namiji da mace ba, amma da safe koko da ƙosai ne a bakin titi, da rana waakye, wanda sunansa daga wake ya fito, da dare kuma tuwon zafi.