Faifan Garmaho a Bauchi: Inda Ya Fito da Yadda Za Mu Ceto Wanda Ya Rage

A hunturun bara muka buɗe wata tsohuwar adaka a ɗakin marigayi mahaifinmu, muna neman takardun gona. Takardun ba su fito ba, sai faya-fayan garmaho wajen talatin da aka jibge, ƙura ta yi musu bargo, gara ta cinye kwalayen na ƙasa. Wani ɗan ƙanena ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa, ya ce, "Baba, wannan murfin wace tukunya ce?" Dariya muka yi, amma yaron bai yi nisa da gaskiya ba. Tun kafin zuwan garmaho Bahaushe yana da faifansa, wanda mata ke saƙawa su rufe ƙwarya ko su yi shiƙa. Da baƙin abu mai da'ira ya iso, sai aka ara masa sunan. Har gobe muna cewa faifan bidiyo, ko da a waya yake.

Wani Bajamushe mazaunin Amurka, Emile Berliner, shi ya yi rajistar garmaho mai shimfiɗaɗɗen faifai a 1887. Faya-fayan da suka fara yaɗuwa a duniya ba na roba ba ne. Da shalak ake yin su, wato wani irin ƙaro da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya, a cuɗa shi da garin dutse. Suna da nauyi, suna fashewa kamar tangaran, suna juyawa sau 78 a minti, kuma kowane gefe bai fi waƙar minti 3 zuwa 4 ba. Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, ya turo faya-fayan su shiga kasuwannin yankinmu. Na'urar lokacin ita ce wadda ake wanawa da hannu, ba ruwanta da lantarki ko batir. Dattawa za su tuna mai tambarin kare yana sauraron ƙaho.

A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da ɗoriya a minti, wanda gefe ɗaya ke ɗaukar sama da minti 20. Shekara ɗaya bayan haka RCA Victor ya kawo ƙarami mai juyi 45. A ganina wannan canji ya yi wa makaɗanmu rana fiye da kowa. Mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa a dandali, minti uku me zai yi masa? Kafin 'yan amshi su gama daidaita murya faifai ya ƙare.

Nan Bauchi, jirgin ƙasa bai shigo gari ba sai 1961, lokacin da aka miƙo layin dogo daga Kuru zuwa Maiduguri. Kafin nan da bayan nan, Jos ce babbar ƙofar kayan zamani a wajenmu, da kantunanta da hada-hadar kuza. Malaman makaranta, ma'aikatan En'e, direbobin manyan motoci da sojojin da suka dawo gida, su ne irin mutanen da ke iya mallakar garmaho. Mai shi ba ya ji shi kaɗai. Da yamma a fito da shi ƙofar gida, a shimfiɗa tabarma, unguwa ta taru. A 1962 gidan rediyon Kaduna ya fara aiki, sai rediyo da faifai suka riƙa tallata juna: ka ji waƙa a rediyo, ka aika a sayo maka faifanta. Manyan kamfanoni irin su EMI da Decca da Philips suna da rassa a Legas, kuma ta wannan hanya muryoyin su Alhaji Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi suka shiga gidaje. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, kuɗin mai na yawo, sabon ma'aikaci kan sayi rediyo mai haɗe da garmaho ya kafa a falo, a rufe shi da kyalle mai ado kamar amarya.

Kaset ne ya kashe wannan kasuwa. Philips ya fito da shi tun 1963, amma sai daga baya ya mamaye Arewa. Ga araha, ga shiga aljihu, ga shi kowa na iya kwafa a shagon bakin kasuwa ba tare da mawaƙi ko kamfani sun ga sisi ba. Tattalin arziki ya ƙara taɓarɓarewa bayan 1986, kamfanonin waje suka sayar da rassansu suka tafi. Faya-fayai suka koma ƙarƙashin gado. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Waɗannan manya ne, waƙoƙinsu sun bazu a kaset da waya. Waɗanda nake ji wa tsoro su ne ƙananan makaɗa da suka yi faifai ɗaya ko biyu suka ɓace. Mai yiwuwa kwafin da ke adakar gidanku shi ne na ƙarshe a garin nan.

To ga ɓarnar da na yi da hannuna, don kada wani ya maimaita. Na sayo sifirit a kemis, na jiƙa auduga, na goga a kan ɗaya daga cikin masu nauyin nan. Nan take audugar ta yi baƙi, fuskar faifan ta yi danƙo ta dusashe. Ashe sifirit narkar da shalak yake yi. Waƙar da ke wannan gefen ta tafi ke nan, ban ma taɓa jin ta ba. Don haka aikin farko shi ne tantancewa. Mai nauyi, mai tauri, wanda ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan, galibi da lamba 78 a takardar tsakiya, shi ne na shalak. Mara nauyi mai ɗan laushi, mai 33 ko 45, na roba ne.

Sautin yana cikin wani siririn layi guda ɗaya da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. A babban faifan roba, in za a miƙe shi, tsawonsa a gefe ɗaya ya kusa rabin kilomita. Ƙurar hunturunmu kuwa yashi ce mai laushi. In ta kwanta a layin aka ɗora allura, kamar an goga sanfefa ne. Busasshiyar iska kuma tana sa roba ta riƙa jawo ƙura, kamar yadda riga ke manne wa jiki a watan Janairu. Damina ta zo da nata, wato fumfuna.

Kayan wankin ba sa cin kuɗi. Ruwa shi ne babba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin gishiri a cikin layin in sun bushe. A nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, amma a tambaya da kyau, a tabbatar ba mai asid aka ba ka ba, domin masu cajin batir suna sayar da duka biyun. In bai samu ba, ruwan sama da aka tara a tsakiyar damina aka tace ya fi na rijiya. A lita ɗaya a ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke ɗigo ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka. Omo, kananzir, fetur da man shafawa, duk a nisanta su.

Da farko a kaɗe ƙurar a bushe da burushi mai laushi, irin sabon burushin hoda na mata. Sai a shimfiɗa tawul mai tsabta a kan tebur, a kwantar da faifan, a rufe takardar tsakiya da murfin kwalba, domin a can sunan mawaƙi da lambar kamfani suke, kuma ruwa na wanke tawadar. A jiƙa kyalle mai laushi, irin na goge tabarau ko tsohuwar singiletin auduga da ta sha wanki, a bi layin a zagaye. Kada a goga daga tsakiya zuwa baki. A ɗauraye da tataccen ruwa zalla, a jingine shi a tsaye cikin inuwa har ya bushe sarai. Na shalak kuwa kada a jiƙa shi sharkaf, kyalle mai ɗan danshi ya isa, a tsane shi nan da nan. Hannu kuma a baki da tsakiya kawai yake kamawa, saboda maiƙon yatsa.

Wanki yana rage ƙaraf-ƙaraf, amma ba ya gyara karce. Wanda ya karce ya karce.

Ajiya ma tana da ƙa'ida. A jera su a tsaye kamar littattafai, ba a jibge ba, kowanne cikin sabuwar rigar farar takarda, tsohon kwalin kuma a adana shi ko da ya yage. A nisanta su daga rana da ƙarƙashin kwanon rufi. Zafin Afrilu a Bauchi ya isa ya karkatar da faifan roba a yini ɗaya in an bar shi a mota. Sannan kada a kuskura a ɗora faifan roba a kan garmaho mai wani. Allurarsa ta ƙarfe ce, kanta na da nauyi, za ta huɗe layin kamar garma. Ko a kan na shalak ɗin, ƙa'idar ita ce a canza allurar bayan kowane gefe, abin da iyayenmu ba su cika yi ba, shi ya sa da yawa suka sude.

Abin mamaki, a waje kasuwar ta dawo. A 2022 faifan roba ya fi CD yawan ciniki a Amurka, karo na farko tun 1987, kuma masu tara kayan tarihi na bin tsofaffin faya-fayan Najeriya suna saye. In wani ya zo taya naku, ku fara naɗe sautin tukuna, ko da waya ce kuka ajiye kusa da lasifika a ɗaki mara hayaniya, ku ɗauki hoton takardar tsakiya.

Namu dai 22 ne suka tsira. Wani tsohon mai gyaran rediyo ya tayar mana da na'urar bayan ya canza bel da allura. Ranar da muka kunna na farko, gwaggonmu da ta haura tamanin ta leƙo daga ɗaki, ta faɗi sunan mawaƙin kafin ya buɗe baki, ta ce a bikin wane ta fara jin kiɗan. Na rubuta abin da ta faɗa a bayan rigar faifan.