Fijo 504 ta Kaduna: ire-iren injinanta da yadda ake gane ta asali

Duk wanda ya yi wayo a Wurno, Rabah ko Goronyo kafin shekarar 2000 ya san Fijo 504 ido da ido. Ita ce ke kawo shugaban ƙaramar hukuma da alƙali, ita ce motar hayar da ke cika a Sakkwato ta bi ta Acida ta nufi Goronyo, kuma a-kori-kurarta ce ke kwaso albasa da tafarnuwa daga fadamar Rima ranar kasuwa. Yau Golf da Sharon sun karɓe hanya. Abin da ya rage na 504 ko dai yana bayan gareji tayoyi sun sace, ko yana hannun dattijon da ya ƙi rabuwa da shi, ko kuma 'yan gwangwan sun riga sun ɗora shi a sikeli. A Turai kuwa motar ta shiga sahun tsofaffin da masu tarawa ke nema da kuɗi, kuma tambayar farko da suke yi ita ce: injin da ke cikinta, shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta?

Inda tambayar ta samo asali

A kasuwar tsofaffin motocin tsere na Amurka ne wannan tambaya ta fi tsanani, domin a can amsarta na iya ninka farashi sau goma. Kamfanin Chevrolet ya fitar da Corvette mai injin da ake kira L88 guda 20 kacal a 1967, sai 80 a 1968, da 116 a 1969. An yi injin ne domin filin tsere, shi ya sa motar 1967 ba ta zo da rediyo ko na'urar ɗumama ciki ba. A watan Janairun 2014 an sayar da ɗaya daga cikin guda 20 ɗin nan a kan dala miliyan 3.85. A ido, ba ta da wani babban bambanci da dubban Corvette na shekararta. Abin da mai sayen ya biya shi ne lambar da aka buga a jikin injin, wadda ta dace da lambar motar, da takardun da suka tabbatar da hakan. Daga 1967 kamfanin yakan manna takardar bayanin kayan da aka haɗa motar da su a saman tankin mai, kuma har yau akan sauke tanki don kawai a duba ko ragowar takardar na nan.

Labarin Shelby Cobra ya fi wannan ban sha'awa. Kamfanin AC na Ingila ne ke ƙera gangar jikin, Carroll Shelby ya sanya mata injin Ford a Amurka. Waɗanda aka yi a shekarun 1960 ba su cika 1,000 ba, amma kwaikwayonsu da aka yi daga baya sun ninka su nesa ba kusa ba. Ta farkon, mai lamba CSX2000, an sayar da ita dala miliyan 13.75 a 2016. Injinan sun zo hawa uku: 260, 289 da 427, lambobin da ke nuna girman cikin inji a ma'aunin Amurka. Sai dai wasu motocin da ke ɗauke da tambarin 427 sun fito daga hannun Shelby da injin 428, wanda ya fi araha kuma ba na tsere ba ne. Ma'ana, wanda ya cire 428 ɗin ya sa 427 don motar ta dace da tambarinta, ya raba ta da injinta na asali ke nan. Rajistar da ƙungiyar masu motocin Shelby ke riƙewa, mota bayan mota, ita ke raba gardama.

Yadda Fijo ta zama tamu

An ƙaddamar da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. A Najeriya an kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975 zamanin Janar Yakubu Gowon. Ta fara da 404, sannan 504 ta biyo baya. Shekaru da dama ana ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga birnin Liyon a sauke a filin jirgin Kano, a kai Kaduna a harhaɗa.

Siyasa ce ta ɗaga ta sama. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta rungumi manufar rage facaka, aka mayar da 504 motar jami'an gwamnati har da shugaban ƙasa. Daga nan ta zama motar sakatare da kwamishina, kuma motar da ma'aikaci ke burin saye da rancen mota. An daina ƙera mai ƙofa huɗu a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita shekara ashirin da ɗoriya bayan haka, har da samfurin ƙarshe da aka sani da Bestline. Adadin da aka harhaɗa a Najeriya ya haura 400,000. A 2006 gwamnati ta sayar da hannun jarinta ga 'yan kasuwa, a 2012 kuma hukumar AMCON ta karɓe kamfanin saboda bashi.

Ire-iren injin

Ba inji ɗaya 504 ta zo da shi ba, kuma nan ne dillalai ke rikita masu saye. Na farko, na 1968, mai silinda huɗu ne da girman cc 1,796. Ya zo kashi biyu: mai kafireta, da mai famfon fesa mai na kamfanin Kugelfischer. A 1970 aka faɗaɗa shi zuwa cc 1,971, wato lita biyu. Mai kafireta daga cikinsu, wanda kamfanin ya yi wa laƙabi da XN1, shi ne injin da kanikawan Arewa suka haddace kamar tafin hannunsu. Akwai kuma ƙaramin inji mai cc 1,618 da aka gada daga 404, wanda aka sanya wa wasu motocin ɗaukar kaya.

A ɓangaren dizal an yi mai cc 1,948, da mai 2,112, da mai 2,304. Waɗannan sun fi karɓuwa a Faransa da ƙasashen da ta raina, irin su Nijar. A Najeriya, inda fetur ya daɗe yana da araha saboda tallafi, injin fetur ne ya mamaye hanya.

Sirrin daɗewar injin fetur ɗin yana cikin gininsa. Silindojinsa ba a jikin bulok aka huda su ba; silib ne da ake zarewa a sa sabo. Idan inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, bakanike a Sakkwato zai sauke shi, ya sauya silib da fistin da ringi, ya mayar, ba tare da an nemi wata babbar na'ura ba. Haka kuma babu kwamfuta a cikinsa da za ta ƙi jinin gurɓataccen mai. Sai dai wannan sauƙin ne ya sa da wuya a samu 504 da ba a taɓa cikinta ba. Injinan 404, 504 da 505 'yan gida ɗaya ne, suna shiga mazaunin juna da ɗan gyara kaɗan. Direban da injinsa ya buga a hanyar Sabon Birni ba tarihi ne a gabansa ba. Zai sayi wanda ya samu, na 505 ne ko ɗan Kwatano, ya koma bakin aiki. Babu laifi a wannan, da haka motar ta rayu. Amma mota irin wannan ta tashi daga ta asali, ko da fentinta na sheƙi.

Akwai samfuri biyu da suka fi kusa da motocin tseren Amurka a daraja: mai ƙofa biyu, da mai rufin da ake naɗewa. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana su ya kuma ƙera jikinsu, aka nuna su a Janeba a 1969. A 1974 aka sa musu inji mai silinda shida, cc 2,664, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka yi haɗin gwiwa wajen ƙerawa. Masu buɗaɗɗen rufi da suka fito da wannan inji ba su kai 1,000 ba. Mai ƙofa biyu da silinda shida ce Jean-Pierre Nicolas ya lashe gasar Safari ta Kenya da ita a 1978, shekara uku bayan Ove Andersson ya lashe da mai ƙofa huɗu. Daga Italiya da Faransa waɗannan samfura biyu suka fito, don haka wanda ya ce maka yana da ƙirar Kaduna mai silinda shida ta asali, sai ka nemi ganin takarda.

Abin da ake dubawa

Lamba uku ce ke magana: wadda ke kan ɗan farantin ƙarfen da aka liƙa a ɗakin inji, wadda aka buga a jikin ƙarfen motar kanta, da wadda ke jikin bulok. Biyun farko dole su zama ɗaya. Ta ukun kuwa dole ta dace da abin da ke rubuce a takardun rajista. Farantin ana iya cire shi daga wata mota a manna, shi ya sa bugaggiyar lambar ta fi shi amana. A kankare datti a duba da fitila: idan wurin ya fi kewayensa santsi, ko akwai alamar walda a zagaye da shi, ko haruffan ba su yi layi ɗaya ba, ko zurfinsu ya bambanta, an taɓa wurin.

A lura da shekaru. Tsarin lambar VIN mai haruffa da alƙaluma 17 ya zama doka a Amurka ne a 1981, duniya ta bi sahu. Motar da aka yi kafin nan lambarta ta fi gajarta, kuma wannan ba aibi ba ne. A tsarin 17 ɗin ba a amfani da haruffan I, O da Q don kada a rikita su da 1 da 0. Ganin ɗayansu a lamba alamar jabu ce. Motocin Peugeot na Faransa suna farawa da VF3.

Ƙarƙashin motar ma yana ba da shaida. Yawancin masu ƙofa huɗu kowace tayar baya tana da 'yancin motsi ita kaɗai, alhali wagon da a-kori-kura suna da aksil guda mai haɗe tayoyin biyu, saboda kaya. A-kori-kurar da aka yanko daga jikin wagon, aikin da masu walda suka ƙware a kai, ana gane ta daga ɗinkin bayan kujerar direba da kuma irin sifirin da ke ƙarƙashinta: ta asali tana kan sifirin mai falle-falle ne. Ga motar da aka yi a Faransa, ƙungiyar L'Aventure Peugeot, mai gidan tarihin kamfanin a garin Sosho, tana bayar da takardar shaidar ranar ƙira da siffar mota ga wanda ya aika da lambarta.

Inda doka ta shigo

Ga mutumin Goronyo, batun lambar inji ya wuce na ado. Illela da Birnin Ƙonni ba su da nisa, kuma shekaru aru-aru kaya ke ƙetare wannan iyaka. A 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar ruwa. A 2022 hukumar kwastan ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar VIN, matakin da ya jawo yajin aikin masu fiton kaya a tashoshin Legas. Duk wannan ya sa lambar da ke jikin mota ta zama abin da jami'i ke fara nema a shingen bincike.

Wanda ya sauya inji ko launin mota, ƙa'ida ita ce ya sanar da ofishin rajistar motoci a gyara takardunsa, ya kuma adana rasidin injin da ya saya. Mutane ƙalilan ne ke yi. Sakamakon shi ne mai gaskiya na iya kwana a caji ofis saboda lambar bulok ta saɓa da ta takarda, kuma idan aka yi rashin sa'a injin daga motar sata ya fito, karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code. Sai ya gamsar da hukuma cewa bai sani ba. Shaidar baki ta dillali, komai amincinsa, ba ta tsaya wa mutum a gaban ɗan sanda. A rubuta yarjejeniyar ciniki da lambobin duka uku a ciki, shaidu su sa hannu.

Wa ya taɓa hawanta

Wani lokaci darajar tsohuwar mota ba a injinta take ba, a tarihin mai ita take. A 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, aka saye ta a kan kimanin dala miliyan 2.5, da niyyar zuba kuɗin a aikin gina gidaje ga mabuƙata. A Legas, baƙar Marsandin da aka harbe Murtala a cikinta tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, da hudojin harsasai a jikinta. Babu mai shakkar ko ita ce, domin ba ta taɓa fita daga hannun hukuma ba.

Nan ne namu sakacin ya fi ciwo. Dubban 504 sun yi aikin gwamnati a tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda ta haɗa da Kebbi da Zamfara na yau: sun kai akwatunan zaɓe ƙauyuka, sun kai injiniyoyi wurin ginin madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984. Da wa'adinsu ya cika aka yi gwanjonsu, aka sauya musu lamba da fenti, suka shiga haya. Motar gwamnati tana da littafin tafiye-tafiye, ma'aikata tana da rajistar kadarori, mai gwanjo yana bayar da rasidi mai ɗauke da lambar jikin mota. Wanda ya gaji 504 a zauren gidansu, aka ce masa ta wani kwamishina ce ko ta wani hakimi, waɗannan takardu ne za su mayar da zancen hujja. Ya fara duba aljihun gaban motar da akwatin takardun mahaifinsa tun kafin mai sikeli ya zo taya ta.