Daga Turmin Buchner Zuwa Bokitin Ƙanƙara

Galibin furotin ba ya zama a fili. Yana ƙunshe cikin ƙwayar halitta tare da dubban ire-irensa, kuma mai son ware guda ɗaya dole ya fara fasa ƙwayar. A 1897 wani Bajamushe, Eduard Buchner, ya zuba yis a turmi, ya haɗa da yashi ya kirɓa, ya ƙunshe dakan a kyalle mai kauri, ya matse da injin matsa. Ruwan da ya tsiyaye ba shi da rai, amma ya mai da sukari barasa. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1907.

Sai dai fasawar ba ita ce wahalar ba. Da zarar ƙwaya ta fashe, enzayim masu narkar da furotin sai su kuɓuce su far wa abin da ake nema. Masu neman insulin sun sha wuya a nan, domin fankiriyas, inda yake, cike take da irin waɗannan enzayim. A Toronto ta Kanada, ranar 11 ga Janairu 1922, aka yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14 mai ciwon sukari, allurar insulin ta farko. Ƙurji ya fito a wurin, sauƙin kuwa kaɗan. James Collip, ɗaya daga cikin masu binciken, ya duƙufa yana gwada ƙarfin barasa iri-iri har datti ya kwanta. Ranar 23 aka sake allurar, yaron ya farfaɗo. A ganina Collip, wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ne ya mai da bincike magani.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Edwin Cohn na Jami'ar Harvard ya haɗa barasa da tsananin sanyi, ya ware albumin daga ruwan jini domin sojojin da suka zubar da jini.

Yau sau da yawa a cikin bakteriya ake noma furotin; tun 1982 aka amince da insulin da aka samar ta haka. Ana fasa bakteriyar da na'urar sauti, a juya a injin da ke kwantar da tsaki, a zuba magungunan da ke daƙile enzayim. Duk da haka, kwalbar furotin ɗin tana nutse cikin ƙanƙara, ko a ɗakin sanyi mai digiri 4.

Don haka duk jami'ar da ke son wannan bincike, kafin ta sayi na'ura mai tsada, ta fara samar wa firjinta wutar da ba ta ɗaukewa.