Bairos Biyu da Ƙwayar Kwalara: Gadonsu, Siffarsu, da Abin da Ya Shafi Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Wannan maƙala ta duba bairos iri biyu da ke kama ƙwayar amai da gudawa, ɗaya mai ba ta dafi, ɗaya mai halaka ta, ta kuma kawo hujjar shigar da su cikin binciken ruwan kudancin Jigawa.

Gabatarwa

Sanannen abu ne ga ma'abota ilimin ƙananan halittu cewa bakteriyar Vibrio cholerae, wadda ita ce sababin kwalara, asalinta 'yar ruwan gishiri ce, mazauniyar gaɓar teku da mashigar koguna. Sai dai da yake tana jure ruwa mai kanwa, kuma hanjin ɗan Adam yana kai ta duk inda ƙafa ta kai, nisan teku bai tsare ƙasar Hausa daga sharrinta ba. Ta sake shigowa Afirka ta Yamma a 1970. A 2021 kuwa, da aka ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da al'amarin ya fi tsanani, ga Birnin Kudu da Gwaram a kan iyakar jihohin biyu.

Siffa da gado

Tun Frederick Twort a 1915 da Félix d'Herelle a 1917 aka san akwai bairos masu cin bakteriya, kuma a 1989 masana a ƙasar Norwe suka nuna cewa miliyoyinsu na cikin kowace mililita ta ruwan teku. Amma mas'alar da ta girgiza fahimtar malamai ta zo ne a 1996, lokacin da Matthew Waldor da John Mekalanos suka tabbatar cewa dafin kwalara, wanda ke sa hanji ya kwararar da ruwan jiki har majinyaci ya bushe cikin sa'o'i, ba mallakar bakteriyar ba ne tun fil azal, aro ne daga wani bairos da aka sa wa suna CTXφ. Shi wannan siririn zare ne, ba kai ba wutsiya, gadonsa silin DNA guda mai haruffa kimanin 7,000. Yana kama wani gashi da ke jikin bakteriyar, wanda da shi ne ita ma take liƙewa a hanji, ya shige ciki, ya dasa gadonsa a cikin nata, ya zauna ba tare da ya kashe ta ba, kamar baƙon da ya biya kuɗin masauki da takobi. Daga nan duk zuriyarta ta gaji dafin.

Na biyun, ICP1, wanda aka fara bayyana shi a 2011 daga bayan-gidan majinyata a Bangaladash, saɓanin na farko ne ta kowace fuska: kansa mai kusurwoyi ne da fuska ashirin, wutsiyarsa tana tsukewa ta huda bangon bakteriya, gadonsa sili biyu ne mai haruffa wajen 125,000, kuma idan ya shiga sai ya hayayyafa ya fasa ta. Abin mamaki, wanda Kimberley Seed da Andrew Camilli da abokan aikinsu suka wallafa a 2013, shi ne cewa wannan bairos yana ɗauke da nasa tsarin CRISPR, makamin da a da aka yi ijma'i cewa na bakteriya ne, yana kuma sare garkuwarta da shi. An same shi daga baya a Kongo, wato ba na Asiya kaɗai ba ne.

Tattaunawa

Shah Faruque da jama'arsa sun ruwaito a 2005 cewa a Dakka ta Bangaladash, yayin da bairos masu kisa suka yawaita a ruwa, annoba takan lafa. A ganina kuskure ne a yi ƙiyasi kai tsaye daga can zuwa nan, domin kogunan Dakka ba sa ƙafewa shekara zagaye, alhali kududdufan Birnin Kudu suna cika da damina su ƙafe da rani, Kogin Bunga da ya ratsa ƙasar Gwaram kuma yakan yi ambaliya ya koma yashi, inda mutane ke tona shi su ɗebi ruwa. Inda ruwa ke ƙafewa, gishirinsa da kanwarsa suna ƙaruwa kafin ya tafi, kuma wannan taƙaitaccen lokaci shi ya fi cancantar tahakiki.

Aikin wannan tahakiki bai gagari asibitin tarayya na Birnin Kudu da Jami'ar Tarayya ta Dutse ba. A ɗebo ruwan kududdufi da rijiya da kogi a farkon damina da tsakiyarta da kaka, tare da samfurin majinyata bisa yardarsu. A auna gishiri da kanwar kowanne. A tace ruwan da matacin mikron 0.22 wanda ke tare bakteriya ya bar bairos. A ɗiga a kan shimfiɗar Vibrio da aka shuka, a ƙidaya wuraren da bairos ya cinye, sannan a karanta gadon abin da aka samu a gwama shi da na Dakka da na Kongo.