Tarihin Auna Tsananin Sankarar Tumbi ta Aikin Ƙwayoyin Gado

Likitoci sun daɗe da lura cewa mutum biyu kan zo da sankarar tumbi a mataki ɗaya, a yi musu tiyata iri ɗaya, wannan ya samu sauƙi, wancan kuwa ciwon ya dawo masa. Girman ƙari da nisan yaɗuwarsa ba su isa bayyana dalili ba. Shi ya sa masu bincike suka koma duba ƙwayoyin gado da ke cikin ƙarin: waɗanne ke aiki fiye da kima, waɗanne suka yi shiru.

A 1965 Pekka Lauren na ƙasar Finlan ya raba ciwon gida biyu bisa kamanninsa a madubin likita: mai kama da naman hanji, da mai warwatsuwa cikin bangon tumbi, wanda ya fi muni. Wani ɓangare na sirrin na biyun ya fito a 1998, lokacin da Parry Guilford da abokan aikinsa suka binciki dangin Mawori a Niyuzilan, suka gano lalacewar ƙwayar gado mai suna CDH1. Ita ke samar da furotin da ke manne ƙwayoyin jiki da juna. Idan ta daina aiki, sai su saki juna su bazu.

A 2014 shirin TCGA na Amurka ya nazarci ƙari 295, ya kasa su huɗu. Sai dai aikin da ya fi kusa da tambayar tsanani shi ne na 2015, wanda ƙungiyar ACRG ta yi da samfura 300 daga Koriya ta Kudu, inda ciwon ya yi yawa. Ita ma ta kasa su rukuni-rukuni: rukunin da ake kira MSI ya fi dama-dama. Rukunin da ake kira EMT kuwa ya fi kama masu ƙarancin shekaru, ya fi dawowa, yawanci a rufin cikin ciki.

Kaɗan daga wannan ilmi ne ya iso asibiti, kuma abin da ya iso ya fi taimakawa wajen zaɓen magani. Gwajin ToGA na 2010 ya nuna cewa masu yawan furotin HER2, idan aka ƙara musu da maganin trastuzumab, matsakaicin rayuwarsu ya tashi daga wata 11.1 zuwa 13.8. A 2024 Japan ta fara amincewa da maganin zolbetuximab ga masu furotin CLDN18.2, daga baya Amurka ta bi sahu.